Riga da takalmi ga kare a lokacin sanyi: wanne ne dole, wanne ne ɓarnar kuɗi?

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan makon, dukkansu a kan kare da sanyi. Uku daga 'yan uwa mazauna ƙasashen ƙanƙara, ɗaya daga Jos. Na taƙaita tambayoyin saboda wuri.

Daga Winnipeg, Kanada

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin kula da wata tsohuwa a gidanta. Tana da ɗan mitsitsin kare mai gajeren gashi, irin chihuahua, shi ma ya tsufa. Fita da shi safe da yamma yana cikin aikina tunda ita ciwon ƙafa ya kwantar da ita. 'Yarta ta ba ni kuɗi ta ce in sayo masa riga da takalma kafin sanyi ya kankama. Ni a gida ban taɓa ganin kare da takalmi ba. Da gaske yana bukata, ko almubazzaranci ne? In zan saya, me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba da ladan jinya. Ki sayo, kuma kada ki sa wa ranki damuwar kuɗin. Wannan kare yana cikin waɗanda riga ta zame musu dole. Ƙaramin jiki yana saurin zubar da ɗuminsa, domin fatar da iska ke bugawa ta fi ƙarfin 'yar tsokar da ke samar da zafi. Ga gajeren gashi, ga tsufa, wanda ke rage kuzari ya kuma tayar da ciwon gaɓoɓi. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39, ya ɗara na mutum kaɗan. A garinku kuwa, a watan Janairu, digiri 20 ƙasa da sifili abin yau da kullum ne da asuba, wani lokacin har ya kai 30. Dabbar da ba ta wuce kilo uku ba, wadda asalinta daga Meziko ne, ba ta da abin da za ta tare wannan sanyi da shi. Ba ita ta kawo kanta Kanada ba, mutane ne suka kawo ta, don haka nauyin suturta ta yana wuyansu. Mu da muka taso muna jin hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, bai kamata wannan ya yi mana wuyar fahimta ba.

Kafin ki je shago, ki ɗauki tef ɗin tela ki auna shi yana tsaye. Ki auna bayansa daga gindin wuya zuwa gindin wutsiya, ki zagaye wuyan, sannan ki zagaye ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, inda ya fi faɗi. Awon ƙirjin nan shi ne babba. Kada ki dogara da rubutun "ƙarami" ko "matsakaici" da ke jikin kwali, kowane kamfani da nasa lissafin.

Rigar da za ki nema ita ce mai rufe ƙirji da ciki. Da yawa daga masu kyan gani a shago baya kawai suke rufewa, alhali kare mai gajerun ƙafafu cikinsa ne ke gogar ƙanƙara. Wajenta ya kasance mai hana ruwa da iska shiga, cikinta mai laushi da ɗumi. Suwaitar ulu ita kaɗai ba ta isa ba a waje: ƙanƙara za ta manne mata, ta narke, sai ya koma yana yawo da jiƙaƙƙen tsumma, wanda ya fi zama tsirara cutarwa. Idan kin ɗaura masa, yatsunki biyu su iya shiga tsakanin rigar da wuyansa, haka ma a ƙirji. Ki duba hammatarsa bayan fitar farko, nan ne riga ta fi yawan goge fata. Tunda namiji ne, ki tabbata an yanke ƙasan rigar yadda ba zai yi fitsari a kanta ba. Ki guji mai maɓallai, da mai hula, da mai igiyoyi suna reto; zai iya tauna su ya haɗiye, ko su sarƙe a wani abu.

Yanzu takalmi, kuma a ganina a garuruwa irin naku ƙafa ta fi baya bukatar kulawa. Dagin kare yana jure sanyi fiye da yadda ake zato, domin jijiyoyin jinin da ke sauka da masu hawa suna manne da juna suna musayar ɗumi. Abin da ke yi masa illa shi ne gishirin da ake watsawa a titi da bakin ƙofa don narkar da ƙanƙara. Yana busar da fatar tafin ta tsage, irin fason da hunturu ke yi wa dunduniya, sai gishirin ya shiga tsagar ya yi ta zogi. Ya dawo gida ya lashe ƙafar, cikinsa ya ɓaci. Sai kuma ƙanƙarar da ke dunƙulewa tsakanin yatsu, da kaifin wadda ta daskare. Ko a tseren karnukan jan keken ƙanƙara na Iditarod, wanda ake yi a Alaska tun 1973, tafiyar kimanin kilomita 1,600 zuwa garin Nome, doka ce mai tsere ya riƙe takalma takwas ga kowane kare. Waɗannan fa karnuka ne da aka haifa cikin ƙanƙara.

Awon takalmi: ki ɗora ƙafarsa a kan takarda yana tsaye, nauyinsa a kanta yadda dagin zai baje, ki ja layi ta gefe da gefe, ki auna faɗin. Ki auna na gaba da na baya dabam, sau da yawa na gaba sun fi faɗi. Ki zaɓi mai ƙasan roba mai taushi da maɗauri mai mannewa. Akwai wani ɗan farce da ke can sama a gefen ƙafar gaba ta ciki, wanda ba ya taɓa ƙasa. Ki lura kada maɗaurin ya danne shi, don nan ne ake yawan samun rauni.

Duk da riga da takalmi, ranar da sanyi ya yi tsanani kada ku daɗe a waje. Ya yi ba-haya ku koma ciki. Kunne da bakin wutsiya babu abin da ya rufe su. In kin ga yana karkarwa, ya ƙanƙame jiki, ya cusa wutsiya, yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ki ɗauke shi. In gefen kunnen ya yi fari ko toka-toka ya yi tauri, kada ki murza, kada ki sa ruwan zafi ko na'urar busar da gashi. Ruwa mai ɗan ɗumi za ki sa, ki lulluɓe shi, ki kira likitan dabbobi.

Daga Manchester, Ingila

Tambaya: Ni ɗalibi ne. Maƙwabcina ya yi tafiyar wata biyu ya bar mini amanar karnukansa, ɗaya husky, ɗaya whippet siririya. Kullum ruwa ake yi. Kuɗin da ya bari riga ɗaya za su saya. Wa zan saya wa? Ni na fi tausayin babban, don shi ya fi son zama a waje.

Amsa: Ƙanena, siririyar za ka saya wa, babu ko tantama. Husky gashinsa hawa biyu ne. Na sama dogo ne mai kauri, ruwa yana zamewa a kansa; na ƙasa kuma lallausa ne a cunkushe, yana riƙe iska mai ɗumi a jikin fata. Sa hannunka ka buɗa gashin bayansa bayan kun dawo daga ruwa, galibi za ka tarar can ciki a bushe yake. Asalinsa daga Saiberiya ne, sanyin Manchester da ba kasafai yake yin nisa ƙasa da sifili ba bai kai ya dame shi ba. In ka lafta masa riga mai kauri ya yi gudu a ciki, zafi ne zai kama shi, kuma kare ba ya zufa a jiki kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Tawul ya ishe shi.

Whippet kuwa fata ce da ƙashi da tsoka, babu kitse, gashin kuma hawa ɗaya ne gajere. Irin jikinta ne da karen Azawak na Buzaye, wanda ake samu a yankin Nijar da Mali, aka fara kai shi Turai a shekarun 1970. Masu kiwonsa a can su ma sai da riga suke fitar da shi in sanyi ya shigo. Ma'aunin da likitocin dabbobi da dama suke bayarwa shi ne daga digiri 7 zuwa ƙasa irin waɗannan karnuka sun fara takura, in ya kai sifili kuma sai a kula sosai. Ruwa da iska suna ƙara tsananta lamarin, don jiƙaƙƙen gashi ba ya riƙe ɗumi.

Ka nemi wadda aka ɗinka musamman don irinta. Ƙirjinta mai zurfi ne, ƙugunta a tsuke, bayanta a ɗan lanƙwashe, rigar gama-gari juyawa za ta yi ta yi a jikinta. Ka zaɓi mai layin da ke walƙiya in fitilar mota ta haska, tunda a Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi a garinku. Da kun shigo gida ka cire ka shanya. Kada ta kwana da ita, kada kuma ka mayar mata da safe in ba ta bushe ba.

Takalmi ba dole ba ne a wajenku. Ranar da motocin hukuma suka watsa gishirin nan mai ruwan ƙasa-ƙasa a titi, ka ajiye roba da ruwa mai ɗumi a bakin ƙofa, ka wanke ƙafafun su biyun har tsakanin yatsu, ka goge. Abu ɗaya da nake so ka riƙe da kyau: ruwan hana daskarewa da ake zuba wa lagireton mota yana ɗiga a wuraren ajiye motoci, yana da ɗan zaƙi, kuma kaɗan daga cikinsa yana kashe ƙodar kare. In ka yi zargin ɗayansu ya lasa, asibitin dabbobi a take, kada ka jira alama ta bayyana.

Daga Jos

Tambaya: Ina da karen gadi, German shepherd, da wata karya ta gida da ta haihu kwanan nan. Na ga ana tallar jaket ɗin karnuka a intanet. Da sanyin Jos, in saya musu?

Amsa: Ranka ya daɗe, ka riƙe kuɗinka. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma sanyin asubarta a Disamba da Janairu ba wasa ba ne, amma ga German shepherd mai gashi hawa biyu wannan yanayi ne mai daɗi. Jaket a jikin karen da ke kwana a waje ba mai kallonsa ma haɗari ce: za ta iya maƙalewa a waya ko ƙarfen ƙofa, rana ta fito ta same shi a ciki, kaska da ƙuma kuma su sami maɓoya.

Kuɗin ka kai su wajen kafinta. A ɗaga musu makwanci daga siminti da katako, a juya ƙofar ɗakin ta ba wa arewa maso gabas baya, inda iskar hunturu ke fitowa, a toshe kafofi, a gyara rufi saboda damina. A shimfiɗa buhun algarara ko tsohon bargo, ana shanya shi a rana. 'Yan kwikwiyon su ne abin ji, domin a makonninsu na farko ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu da kansu. A mayar da su da uwarsu shago ko wani lungu da iska ba ta shiga, a ƙara wa uwar abinci tunda tana shayarwa. Kada a ajiye musu kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa. In tafin babban ya fara tsagewa saboda bushewar iska, ɗan man kaɗanya ya wadatar.

Daga Minneapolis, Amurka

Tambaya: Mun sayi takalma masu tsada, amma da an sa wa karen sai ya ƙame wuri ɗaya, ko ya riƙa ɗaga ƙafa sama kamar mai taka wuta. Takalmi ɗaya ma ya ɓace a ƙanƙara. Mu haƙura?

Amsa: Hajiya, kada ku yi saurin haƙura. Kare da tafinsa yake jin ƙasa, an rufe masa shi dole ya rikice. A fara a cikin gida, ƙafafun gaba kawai, na 'yan mintuna, ana ba shi ɗan abin da yake so ana jan hankalinsa da wasa. Bayan kwana biyu a ƙara na baya, sannan a fita. Faɗuwar takalmi kuma yawanci girma ne ya yi masa, ko farce ya yi tsawo, ko ba a ɗaure sosai ba. A yanke farcen, a sake awo, a ɗaure yadda ɗan yatsa zai shiga da ƙyar. Nan gaba ku sayi masu launi mai haske don a gan su in sun faɗi.

In an yi mako biyu ana lallashi ya ƙi, akwai man kakin da ake sayarwa a shagunan dabbobi don tafin kare. A shafa kafin a fita har tsakanin yatsu, a rage gashin da ya tsiro a wurin da almakashi mai dakusasshen baki don kada ƙanƙara ta dunƙule, a bi hanyar da ba a zuba gishiri da yawa ba, a wanke ƙafa da an dawo. Bai kai takalmi kariya ba, don haka a ranakun da sanyi ya yi tsanani sai a gajarta fitar.