Waƙar fim idan za ta fita ita kaɗai

Jiya muna naɗe wayoyi ka tambaye ni: "Oga, waƙar nan mun gama ta tun watan jiya, darakta ya ji ya ce ta yi. Me ya sa za mu sake buɗe ta kafin a sake ta? Ba aikin baban giwa ba ne?"

Zauna ka ji, yarona. Wadda muka ba darakta goyayya ce, fim ne yake ɗauke da ita a baya. Mai kallo yana zaune cikin duhu, ya shafe awa ɗaya da rabi yana bin jarumar nan, ya ga duk abin da aka yi mata. Kafin kiɗa ya shigo zuciyarsa ta riga ta karye, ko fiyano ka taɓa sau uku sai ya share hawaye. Shi ya sa muka bar shimfiɗar, wato kiɗan farko kafin murya ta shigo, ta yi tsawo, muka kuma danne kiɗan duk inda ake magana. A sinima maganar 'yan wasa daga sifikar tsakiya take fitowa, kuma kowane sauti sai ya rusuna mata.

Wadda za ta fita ita kaɗai ba ta da wannan gatan. Mai jin ta yana tuƙi ne, ko yana wanki wayarsa na ajiye a gefe. Bai san jaruma ba, bai damu da ita ba, yatsansa kuma yana kusa da inda zai tsallake. A Spotify sai an saurari waƙa daƙiƙa 30 ake lissafa an ji ta. Mu kuwa a tamu, murya ba ta shigowa sai bayan daƙiƙa hamsin. Ka ga dole a datse shimfiɗa, a jawo amshi kusa, a ɗaga murya ta hau kan kiɗa, a cike ramukan da muka bar wa maganar 'yan wasa. Idan mun gama, kada ka yarda da manyan sifikun sitidiyo, suna yi wa mutum daɗin baki. Tura ta cikin wayarka, ka ajiye a kan tebur, ka ja da baya taku uku. In ba ka jin kalmomin amshi ɗaya bayan ɗaya, da sauran aiki.

Manya ma haka suke yi. Waƙar da Celine Dion ta rera wa fim ɗin Titanic a 1997 iri biyu ce: akwai wadda ake ji a ƙarshen fim, akwai kuma wadda furodusa Walter Afanasieff ya sake haɗa wa gidajen rediyo, mai ƙarin nauyin kiɗa.

Na san za ka kawo mini Whitney Houston. Gaskiya ne, waƙarta ta fim ɗin The Bodyguard a 1992 da murya tsura ta fara, sama da daƙiƙa arba'in babu kiɗa ko kaɗan. Furodusanta David Foster da farko bai so hakan ba, Kevin Costner, jarumin fim ɗin, shi ne ya kafe. Ta yi mako 14 a matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙi na Billboard a Amurka. Amma fa ka saurari muryar da aka bari tsurar. Ranar da irinta ta shigo ɗakin nan, ni da kaina zan kashe kiɗan.

Sai maganar yadda za a karɓe ta, wadda na ga ita ce take hana ka barci. Kada ka yanke wa waƙar fim hukunci da makon farko. Wata tana fita kafin fim ta ja mutane zuwa kallo, wata kuma sai fim ya gama yayinsa sannan ta farka. Ta Pharrell Williams, Happy, fim ɗinta ya fito tsakiyar 2013, ba a sake ta ita kaɗai ba sai Nuwamba, ba ta kuma hau matsayi na ɗaya a Amurka ba sai Maris na 2014, inda ta zauna mako goma. Ni kaina na taɓa zuba ƙarfina duka a kan waƙar da muka ɗauka ita ce uwa, aka yi mata bidiyo, aka kai ta rediyo, shiru kamar an shuka dusa. Wata 'yar gajera da muka cusa don cike gurbi, ita yara suka ɗauka suna rerawa.

Yanzu tashi ka buɗe fayil ɗin, ka yi kwafi tukuna, kada ka taɓa na darakta. Fara da shimfiɗar, ka dawo da ita daƙiƙa goma sha biyu, sannan ka kira ni mu ji.