Amsa ga Hajiya kan sanya balan-balan a ƙafar yarinya

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Hajiya, na saurari saƙonki game da 'yarki da tafasasshen ruwa ya ƙona a ƙafa shekara biyu da suka wuce, da shawarar da likita ya ba ku a Yawunde ta a sanya mata balan-balan a ƙarƙashin fata. Kada sunan ya tayar miki da hankali, domin tun 1957 wani likitan Amurka mai suna Neumann ya gwada dabarar wajen gyaran kunne.

Ana cusa jakar silikon ne a ƙarƙashin lafiyayyar fatar da ke gefen tabon, tare da ɗan maɓalli wanda ake lalubowa da yatsa. Idan ɗinkin ya warke, kusan kowane mako sai a soka allura a maɓallin a zuba ruwan gishiri na asibiti har fatar ta ɗaure, a dakata da zarar yarinya ta ce da zafi. Haka fatar za ta riƙa yalwata kamar cikin mai juna biyu. Bayan wata biyu ko uku a koma tiyata, a cire jakar, a yanke tabon, a janyo sabuwar fatar a rufe gurbin. Launinta ɗaya ne da na sauran ƙafar, saɓanin fatar da ake yankowa daga wani wuri a dasa, wadda takan zauna kamar faci a riga.

Sai dai ba ki faɗi inda tabon yake ba, kuma nan ne maganar take. A cinya aikin ya fi kyau. Daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa, musamman a ƙwauri, fata manne take da ƙashi, jini bai wadace ta ba, shi ya sa wurin ya fi saurin ruruwa, wani lokaci jakar ta huda fata ta leƙo, dole a cire ta a jira watanni. Ba a kuma yin sa a kan gyambon da bai rufe ba.

Ni abin da ya fi damuna shi ne zirga-zirgar. Daga Garwa zuwa Ngaundere a mota, sannan kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ba tafiyar kowane mako ba ce ga yarinya mai kumburarriyar ƙafa, balle a zafin Maris da Afrilu, ga gumi ga ƙura. Kafin ku amince, Hajiya, ki tambayi likitan wanda zai riƙa yi mata allurar a nan Garwa, da kuma inda za ku nufa da dare idan wurin ya fara ruwa ko zazzaɓi ya rufe ta.