Baba ya haura saba'in, ya ƙi ajiye makullin mota

Assalamu alaikum Gwaggo, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.

Matsalata a kan mahaifinmu ce. Baba shekarunsa 74. Tsohon direba ne, da yaron mota ya fara, ya zo ya riƙe babbar mota yana lodin Kano zuwa Legas, daga baya ya koma ɗaukar fasinja. Da sitiyarin nan ya gina gidan da muka tashi a ciki, ya aurar da mu, ya sauke farali. Ya daɗe da barin tasha, amma yana da tsohuwar Peugeot ɗinsa da ba ya yarda kowa ya taɓa. Da ita yake zuwa kasuwa da gaisuwar mutuwa, da ita yake kai jikoki Islamiyya, kuma duk ranar Juma'a sai ya je ƙauyenmu, ba ya juyowa sai bayan magariba.

A 'yan watannin nan abubuwa sun fara ba ni tsoro. Ya goge ƙofar gida yana ribas, ƙofar da ya fi shekara 30 yana shige da fice ta cikinta. Wata rana ina gefensa a shataletale saura kaɗan ya hau kan mai a daidaita sahu, da aka yi magana ya rantse bai gan shi ba, wai daga sama ya faɗo. Idan dare ya yi kuwa, duk motar da ta hasko shi sai ya taka birki a tsakiyar titi yana faɗa, wai direbobin zamani ba su iya rage fitila ba. Yana da hawan jini da ciwon suga, yana shan magani, amma rabonsa da gwajin ido har na manta.

Mijina ya ce kada 'ya'yansa su ƙara shiga motar, ni kuma na rasa bakin da zan faɗa wa Baba. Babban yayanmu ya ce a ɓoye makullin kawai, ko a haɗa baki da bakanike ya ce injin ya buga. Da ƙanina ya gwada yi masa maganar ya huta da tuƙi, Baba ya ce tun ba a haife shi ba yake kan titi, bai taɓa kashe ko kaza ba, kuma Allah ne ke tsarewa. Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarsa. Mama ta ce mu bar shi kada mu jawo wa kanmu baki.

Gwaggo, ina tsoron fushin mahaifi, ina kuma tsoron ranar da za a kira ni a waya. Mene ne mafita?

'Yarki daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yata.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Mijinki yana da gaskiya, yaran su daina shiga motar daga yau, har sai an san halin da idon Baba yake ciki. Ba sai an yi shela ba. A samar musu mai kai su Islamiyya, ku gaya wa Baba cikin ladabi cewa kun sauke masa wannan ɗawainiya. In ya tambayi dalili kada ki yi masa ƙarya, ki ce hankalinki bai kwanta ba tun ranar shataletalen nan.

Shawarar yayanku kuwa ban karɓe ta ba. Mutumin da ya kwana a ƙarƙashin mota a hanyar Legas yana gyara da hannunsa, shi za a ce wa inji ya buga? Zai buɗe bonet ya gane a take, daga nan kuma kun rasa amincewarsa, duk abin da kuka faɗa gaba zai ɗauke shi makirci ne, har da maganar asibiti, wadda ita ce muke buƙatar ya yarda da ita.

Ki lura da wani abu a wasiƙarki. Ba ki ce Baba yana gudu ba, ba ki ce yana ganganci ba. Duk abin da kika lissafa abu ɗaya suke nunawa, wato gani. Shekaru 74 su kaɗai ba sa hana mutum tuƙi, akwai sa'o'insa da suka fi samarin da ke tsere a titi natsuwa nesa ba kusa ba. Haɗarin matashi yawanci daga gudu da rashin haƙuri yake zuwa. Na dattijo kuwa a mahaɗar hanya yake, da shataletale, da wurin juyawa, inda ake buƙatar ido ya ga abubuwa da yawa a lokaci guda, wuya ya waiwaya, ƙafa ta bar totur ta koma birki ba jinkiri. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, in ta kai 100 kuma kusan mita 28. Jinkirin daƙiƙa ɗaya tak ya isa. Sannan jikin dattijo ba ya ɗaukar bugu, karon da saurayi zai fito yana kakkaɓe riga shi ne zai karya wa tsoho haƙarƙari ko ƙugu.

Rantsuwar da ya yi cewa bai ga mai a daidaita sahun ba, ni na yarda da shi, kuma ita ce ta fi tayar min da hankali. Akwai cutar da ake kira hawan jinin ido, gilakoma. Tana cin gani daga gefe-gefe, a hankali, ba zafi ba ƙaiƙayi, mutum yana karanta Alƙur'aninsa garau yana ganin abin da ke gabansa, amma abin da ke zuwa daga gefe ya ɓace masa. Ta yi yawa a cikinmu baƙar fata, kuma abin da ta riga ta cinye ba ya dawowa, sai dai a tsayar da ita da maganin ɗigawa ko aiki. Faɗan da yake yi da fitilun dare kuma ya fi kama da yanar ido, domin ita ce ke watsa haske a cikin ido har mutum ya ga komai ya yi fari fat. Ko babu yana, idon tsoho yana buƙatar haske fiye da na yaro, kuma yana daɗewa kafin ya dawo daidai bayan an haske shi. Ciwon suga shi ma yana lalata jijiyoyin bayan ido, shi ya sa likitoci ke son mai suga ya riƙa zuwa a duba masa ido duk shekara. Ni ba likita ba ce, daga nan ba zan iya cewa ga wadda ke damunsa ba. Amma in yanar ido ce, ki yi murna, aikinta ba ya ɗaukar lokaci, kuma mutane da yawa ganinsu yana dawowa tar.

Kuna Kano, ba ku da uzuri. Ga asibitin ido na ECWA, ga na Makkah, ga ɓangaren ido a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, in abin ya yi nisa ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Kada ku tsaya a kan karanta haruffa a bango da yanka tabarau. Ku ce a auna ƙarfin ruwan ido, a duba bayan ido, a gwada faɗin ganinsa na gefe, ku kuma faɗa wa likita ƙarara cewa mutumin nan yana tuƙi har da dare. Ku tafi da duk magungunansa a leda, har da waɗanda yake saya da kansa a kemis. Maganin mura irin su Piriton da wasu magungunan tari suna sa gyangyaɗi, maganin suga kuma yana iya sa sugan ya faɗi in mutum bai ci abinci ba, ya ji jiri da rawar jiki yana kan sitiyari.

To wa zai kai masa maganar? Ba ƙaninki ba, ya riga ya gwada ya sha. A wurinmu ɗa ba ya ce wa uba ka tsufa ya kwashe lafiya. Ku nemi wanda Baba yake jin nauyinsa, amininsa na zamanin tasha, ko yayansa in yana raye, ko limamin unguwa. In an sami tsohon direba wanda shi da kansa ya daina tuƙin dare, ya fi kowa. Kuma kada a buɗe zance da ajiye makulli. A ce masa mai suga ana so ya duba ido, shi ke nan, gaskiya ce kuma. Hukuncin tuƙi ya fito daga bakin likita, ku kuna gefe. Dattijo yana haɗiye maganar likita da ba zai haɗiye daga bakin ɗan da ya goya ba.

Maganarsa cewa Allah ne ke tsarewa gaskiya ce, kada ku yi masa musu. Sai dai amininsa zai iya tuna masa cewa lokacin da yake lodin Legas, da bismillah yake tayar da mota, amma bai taɓa barin tasha bai duba taya da birki da ruwa da baƙin mai ba. Ido ma yana cikin kayan da direba yake dubawa. Ba shi kaɗai ake yi wa haka ba. A Ingila duk wanda ya kai shekara 70 sai ya riƙa sabunta lasisinsa bayan kowace shekara 3, a Japan kuma wanda ya kai 75 sai an gwada ƙwaƙwalwarsa kafin a sabunta masa. A nan gida, inda yawanci ba wanda zai tsare dattijo a hanya ya tambayi lafiyar idonsa, aikin ya koma kan iyali.

Kafin sakamako ya fito, abin da za ku roƙa a wurinsa kaɗan ne: ya bar tuƙin dare, ya bar tuƙi a cikin ruwan sama da hazon hunturu, tafiyar Juma'a kuma ɗaya daga cikin 'yan'uwanki maza ya riƙa kai shi. Wannan tafiyar ce ta fi kowacce haɗari, babbar hanya, bayan magariba, ga gajiya, ga manyan motoci da fitilunsu. A nan ne zan ga ƙoƙarin yayanku. Ɓoye makulli ba wuya, ba da ranar Juma'arsa ga mahaifinsa ita ce aikin. Ku sani motar nan ita ce ƙafar Baba, ita ce kuma shaidar cewa har yanzu ba ya jiran kowa. In kuka karɓe ta ba ku tanadi mai kai shi masallaci da kasuwa da zumunci ba, zai zauna a zaure ya rame kuna kallo. Motar ta ci gaba da zama tasa, makulli a aljihunsa, shi zai miƙa wa wanda zai ja, ya zauna a gaba yana gyara masa tuƙi. Zai yi faɗa, a bar shi ya yi.

Abu ɗaya ne zai sa in janye duk wannan lallashi. In kuka ga ya fara ɓata a hanyar da ya sani, ko ya taka totur a maimakon birki, ko ya shiga hannun da ba nasa ba bai ankara ba, ko likita ya ce ganinsa bai kai na tuƙi ba, to tuƙi ya ƙare, ko zai yi wata guda ba ya amsa gaisuwa. A lokacin ku taru gaba ɗayanku, da Mama da amininsa, ku faɗa masa a fili da bakin girmamawa, kada a bar wa mutum ɗaya ya ɗauki fushin. Ki kuma zauna da Mama tun yanzu ki karanta mata wannan amsa, domin ita ce ta fi ku sanin lokacin da ake samun kansa, kuma ita ce za ta iya sa shi ya shirya ranar zuwa asibiti.

Ki sake rubuto min bayan kun ga likitan ido.

Gwaggonki