Marubuci ko mai zane, wa ke da tauraron?

Ɗan'uwa, ka tambaya wa ke da haƙƙin tauraron da ke cikin mujallar labaran zane, wanda ya rubuta ko wanda ya zana. A Amurka, in aikin ƙodago suka yi wa kamfani, to na kamfanin ne. In kuwa don kansu suka haɗa hannu, kotu kan iya cewa na su biyun ne, kamar yadda ta faru tsakanin marubuci Neil Gaiman da mai zane Todd McFarlane.

McFarlane yana cikin masu zanen da suka fice daga kamfanin mujallun zane na Marvel suka kafa nasu, Image Comics, a 1992, suna kukan ana cin guminsu. A 1993 sai ya gayyato Gaiman ya rubuta masa fitowa ta 9 ta mujallarsa Spawn, inda aka ƙirƙiro taurari uku, Angela da Cogliostro da Medieval Spawn. Da baki aka ƙulla, babu takarda. Da kuɗin 'yan tsana da na sake bugawa suka kankama, sai gogan naka ya ce nasa ne shi kaɗai. Abin da ya guje wa a Marvel, shi ya yi wa wani! A ganina girman kai ne kawai. McFarlane da ya sayi ƙwallon wasan besbol guda kan dala miliyan 3 ai ba talauci ya hana shi biyan haƙƙi ba.

Gaiman ya kai ƙara a 2002 ya yi nasara, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2004. Ba su sasanta ba sai a 2012, a 2013 kuma Angela ta koma hannun Marvel.