Tambaya da Amsa: Me ya kawo attajiri cikin zanen Maryamu?

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. A darasin tarihin zane-zane an nuna mana hotunan addinin Kirista da aka zana a Filandas a ƙarni na 15. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, sai in ga Maryamu zaune a ɗaki irin na Turawa, ga kuma wani attajiri durƙushe kusa da ita, alhali tsakaninsu akwai fiye da shekara 1,400. Rashin sanin tarihi ne, ko kuwa masu kuɗin ne ke son a gan su? Daga wata ɗaliba a Jos.

AMSA: Malama, na gode da wannan tambaya. Rashin sani dai babu shi, domin da gangan masu zanen suka yi haka, kuma dalilin yana cikin irin ibadar da ta yaɗu a yankin a wancan zamani.

Filandas, wadda yawancinta ke cikin Beljiyam a yau, ta yi arziki da saƙar ulu da fatauci, har biranenta irin su Bruges da Ghent suka cika da 'yan kasuwa masu karatu. A daidai lokacin ne wata tafiya ta gyaran ibada, wadda Geert Groote ya assasa kafin rasuwarsa a 1384, take koya wa mutane cewa halartar coci kawai ba ta wadatar ba, sai mutum ya keɓe kansa, ya yi tunani mai zurfi a kan rayuwar Almasihu da wahalarsa har ya ji tamkar a gabansa abin ya faru. Zanen kayan aiki ne na wannan tunani, shi ya sa da yawa daga cikinsu ƙanana ne, masu allo biyu ko uku da ake buɗewa lokacin addu'a a rufe bayan an gama.

Ki dubi wanda ake kira Merode, da aka zana a shagon Robert Campin na birnin Tournai wajen 1427 zuwa 1432, yana New York yanzu. A allon tsakiya Maryamu tana karatu, ba ta ma ɗaga kai ta ga mala'ika Jibra'ilu ya shigo ba. A kan tebur akwai farar fure cikin buta, alamar tsarkinta, da kyandir wanda bai daɗe da mutuwa ba, hayaƙinsa yana tashi siriri. A allon dama Yusufu kafinta yana huda katako, ga tarkon ɓera a gabansa, wanda masana ke dangantawa da maganar Waliyyi Agustin cewa gicciye tarko ne da ya kama Shaiɗan. A allon hagu kuwa mutumin da ya biya kuɗin zanen da matarsa suna durƙushe a bakin ƙofa, suna leƙe, amma ba su shiga ba. A ganina wannan ƙofa ita ce amsar tambayarki. Mai zanen bai ce mutumin ya yi zamani da Maryamu ba, abin da yake nunawa shi ne abin da mutumin ke gani da zuciyarsa sa'ad da yake addu'a.

Fenti ma ya taimaka. A da, yawanci da gwaiduwar ƙwai ake kwaɓa launi, mai saurin bushewa. Masu zanen Filandas sun ƙware a kwaɓa shi da mai, suna shafa shi shara-shara, wani a kan wani, a bisa katakon da ake kawowa daga yankin tekun Baltik, har haske ya riƙa ratsa launin. Jan van Eyck, wanda ya rasu a Bruges a 1441, ba shi ya ƙirƙiro wannan dabara ba kamar yadda aka daɗe ana faɗa, amma shi ya kai ta matuƙa. A zanen da ya kammala a 1436 domin wani tsohon malamin coci, Joris van der Paele, kina iya ganin jijiyoyin gefen goshin tsohon, da tabarau ɗin da ya cire ya riƙe tare da littafin addu'arsa, idanunsa kuma ba a kan Maryamu suke ba, duk da tana gabansa. Rogier van der Weyden kuwa, a zanen sauko da gawar Almasihu daga gicciye da ya yi wajen 1435, wanda ke Madrid, ya zana hawaye ɗigo-ɗigo a kumatun masu makoki domin mai kallo ya yi kuka tare da su.

Batun son a gani kuma, ba zan ce babu shi ba. Joos Vijd da matarsa Elisabeth Borluut, waɗanda suka biya kuɗin babban zanen bagadi na Ghent da aka kammala a 1432, suna jikin marfinsa na waje, inda kowa zai fara ganinsu. Tommaso Portinari, wakilin bankin iyalan Medici na Italiya a Bruges, ya sa Hugo van der Goes ya zana shi da matarsa da 'ya'yansa uku, aka aika da zanen birnin Fulorens na Italiya. Sai dai ko su ɗin, a durƙushe aka zana su, hannu a haɗe, domin bisa aƙidarsu suna fatan masu kallo za su yi wa rayukansu addu'a bayan sun mutu.

Kiristocin yankin ma ba su ci gaba da zama baki ɗaya a kan wannan al'ada ba. A 1566 masu bin koyarwar Kalbin, waɗanda ke ganin hotuna a coci hanya ce ta bautar gumaka, suka bi majami'u suna farfasa su, kuma zanen Ghent ya tsira ne saboda an kwance shi an ɓoye a hasumiyar cocin.