Amsoshin wasiƙun manoma: tsutsar da ta ƙi jin magani

Wani matashi ya rubuto yana tambaya: "Na ji an ce masu binciken noma yanzu a gaban kwamfuta suke wuni. Me ya haɗa kwamfuta da gona?"

Ɗana, kowane abu mai rai, shuka ne ko ƙwaro ko ƙwayar cuta, yana ɗauke da rubutun gadonsa da ake kira DNA, kuma haruffa huɗu ne kacal: A, C, G da T. Na masara, wanda aka fitar a 2009, ya haura harafi biliyan 2. Ba mai iya bin wannan da ido. Kwamfuta ce ke jera shi, ta gwada shi da na wasu, ta nuna inda aka bambanta. Amfaninsa kuwa, ga shi a wasiƙa ta gaba.

"Malam, tsutsa ta cinye mini zuciyar masara. Na yi feshi har na gaji, na sake kamfani, ba ta mutu ba. In ninka maganin ne?"

Kada ka ninka, Alhaji. Wannan tambaya tana zuwa mini kowace damina, kuma tana ɓata mini rai, don kuɗi ne ake zubarwa, ga guba a jikin mai feshi. Fara duba tsutsar. In akwai alamar Y a kife a kanta da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da gindinta, to baƙuwar tsutsar nan ce da ake kira fall armyworm a Turance, wadda ta fito daga nahiyar Amurka. An tabbatar da ita a Yammacin Afirka a farkon 2016, ta kai Indiya a 2018, ta shiga Ostireliya a 2020. Da ta fara ɓulla, an yi ta ɗaukarta a matsayin tsutsotsin da aka saba da su. Abin da ya raba gardama shi ne an karanta wani ɗan yanki na DNA ɗinta mai harafi kusan 650, aka gwada shi da bayanan da ke rumbuna irin su GenBank, sai ya dace da na tsutsar Amurka.

To ga inda ya shafe ka. A can ƙasarta ta yi shekaru tana shan magani, masu rauni suka mutu, masu juriya suka hayayyafa. Wasu tsofaffin magungunan ƙwari suna kashewa ne ta hanyar toshe wani sinadari da jijiyoyin ƙwaro ke aiki da shi. Da aka jera bayanan halittar tsutsotsi daga wurare dabam-dabam, an ga cewa canjin harafi ƙalilan a wurin da ke sarrafa wannan sinadari ya isa ya rage wa maganin kaifi, kuma an samu irin wannan canji a tsutsotsin Afirka da Asiya. Ke nan juriyar gado ce. In ka ninka, masu ita ne za su tsira, su kuma haifo maka na baɗi.

Sake kamfani ma ba sake magani ba ne. Kwalabe biyu masu suna dabam na iya ɗauke da sinadari ɗaya, ko 'yan gida ɗaya masu kisa iri ɗaya. Karanta sunan sinadarin da ke jikin kwalba, ka nuna wa malamin gona, ya zaɓo maka na wani rukuni. Sannan yawancin abin da manoma ke kira rashin ingancin magani jinkiri ne. Zagaya gonarka tun masara na ƙarama, ka nemi ƙwai da ganyen da aka kankare. Tsutsa in ta girma ta shige can ciki ta rufe kanta da kashinta, feshi ba ya isa gare ta. Yi feshin da sanyin safiya ko da yamma, ka saita bakin injin cikin zuciyar shukar.

Wata Hajiya ta ce an tallata mata wani ruwa mai tsada da aka ce yana ɗauke da ƙananan halittu masu raya ƙasa, ko ta saya?

Hajiya, a giram ɗaya na ƙasa mai kyau akwai bakteriya miliyoyi, har zuwa biliyan, kuma mafi yawansu ba sa girma a ɗakin gwaji. Sai da aka fara karanta DNA ɗin ƙasar gaba ɗaya, kwamfuta na tantancewa, aka san yawan ire-irensu. Wannan binciken ne ya sa nake taka-tsantsan da kwalbar da ba ta faɗi sunan halittar da ke ciki ba. Wanda na yarda da shi shi ne wanda ake shafa wa irin waken soya, mai sa ƙulle-ƙulle a saiwa. Ki ajiye shi nesa da zafin rana. Bayan shuka ta yi ƙwari, ki tuge ɗaya ki fasa ƙullin: in cikinsa ja-ja ne, yana tara wa shukar naitirojin.

"Irin da aka zaɓa ta hanyar duba DNA, shi ne wanda aka sauya wa halitta?"

A'a, barbara ce irin ta da, dubawar tana gaggauta zaɓe ne kawai. Haka aka samar da shinkafar Sub1 mai jure kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa, wadda aka saki a Indiya a 2009.