Fim ɗin bikin waƙoƙin Harlem na 1969: ya dace yara su kalla?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malamin Turancin 'yata ya ce su nemi fim ɗin Summer of Soul su kalla lokacin hutu. Shekararta 16, amma na san ƙannenta biyu, mai 13 da mai 9, ba za su bari ta kalla ita kaɗai ba. Akwai abin da bai kamata su gani ba a ciki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Mai 16 da mai 13 za su iya kalla, musamman idan kina zaune tare da su. Mai 9 kuwa a zaɓar masa wuraren kiɗa kawai.

Fim ne na tarihi, ba wasan kwaikwayo ba. A daminar 1969 aka yi bikin al'adun baƙar fata a wani fili da ke unguwar Harlem ta birnin New York, ana taruwa ranakun Lahadi har sau shida, kuma an ƙiyasta mutum kusan 300,000 suka halarta. Hal Tulchin ya ɗauki bikin a kyamara, amma faya-fayan suka yi kusan shekara 50 a ajiye, kafin makaɗi Questlove ya haɗa su fim a 2021. Ya ci kyautar Oscar a 2022. Tsawonsa ya kusa awa biyu.

A Amurka an sa masa alamar PG-13, wato iyaye su yi hattara da 'yan ƙasa da shekara 13. Dalilai uku aka bayar: hotuna masu tayar da hankali, shan taba, da ɗan abin da ya shafi miyagun ƙwayoyi. Ki lura babu batsa a lissafin. Mawaƙan ma galibi cikin kwat da dogayen riguna suke, jama'a kuma sun zo da 'ya'yansu, ga tsofaffi da lema suna kare rana.

Abin da ya kamata ki fara kalla ke kaɗai wurare uku ne.

Tun farko-farkon fim ɗin ana bayanin halin da Harlem ke ciki da tsofaffin hotunan labarai: kisan Shugaba John Kennedy a 1963, na Malcolm X a 1965, na Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, da tarzoma, da yaƙin Biyetnam. Hotunan suna wucewa da sauri, amma na gaske ne, kuma nan ne matsalar take ga ƙaramin yaro. Yaron da ya saba ganin an harbi jarumi ya tashi a fim na gaba zai tambaya ko wannan ma wasa ne. In aka ce masa a'a, abin kan zauna masa a rai har lokacin barci.

Sai maganar ƙwayar hiroyin da ta addabi unguwar a lokacin. Gajeriya ce, kuma a matsayin annoba aka nuna ta, ba abin burgewa ba.

Na ukun ya fi buƙatar bayani. Can wajen ƙarshe, mawaƙiya Nina Simone ta karanta wa taron wata rubutacciyar waƙa mai zafi, tana tambayarsu ko sun shirya ƙona gine-gine, ko sun shirya kisa in ta kama. Mai 13 zai iya ɗaukar wannan a matsayin jarumta tsagwaronta, tunda jama'a na amsawa da sowa. Ki tsayar da fim ɗin a nan, ki tuna masa cewa shekara ɗaya kacal ke nan da kashe King, mutumin da ya yi ta wa'azin neman haƙƙi ba tare da tashin hankali ba, shi ya sa wasu suka yanke ƙauna. Fahimtar fushin mutum daban, bin shawararsa daban.

Akwai kuma dogon sashe na waƙoƙin coci, inda Mahalia Jackson da Mavis Staples suka rera waƙar da King ya fi so, bayan Jesse Jackson, abokin gwagwarmayarsa, ya ba da labarin mintunan King na ƙarshe. A ganina nan ne fim ɗin ya fi taɓa zuciya. Gidan Musulmi sai su san da shi tun wuri, su gaya wa yara cewa coci ce cibiyar gwagwarmayar baƙar fatar Amurka, daga nan ma yawancin mawaƙan suka fito.

Wajen kallon, ki kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, don Turancin mutanen Harlem ba irin na aji ba ne, ko mai 16 zai riƙa kuɓuce mata. A raba shi zama biyu, kusan awa ɗaya-ɗaya, domin hirarraki na yawan katse waƙa, abin da ke gundurar yara ke nan. Ƙaramin a nuna masa buɗewar fim ɗin, inda Stevie Wonder, makaho ɗan shekara 19, ya hau kan ganguna ya yi ta zuba, da wurin Hugh Masekela na Afirka ta Kudu da ƙahonsa. Sun ishe shi. Manyan kuma ki ja hankalinsu kan ranar 20 ga Yuli, ranar da Amurka ta sauke mutum a duniyar wata ana tsakiyar biki: da 'yan jarida suka tambayi mahalarta, da dama suka ce da an ciyar da talakawa da kuɗin. Ki tambaye su wa ya fi gaskiya.

Kada kuma wajen nema a intanet ki rikita shi da Homecoming na Beyoncé na 2019. Shi ma bikin al'adun baƙar fata ne, ya ginu kan jami'o'insu na tarihi, amma alamar TV-MA yake ɗauke da ita, wato na manya: akwai ashar a waƙoƙin, da shiga da rawar da yawancin gidajenmu ba za su sa wa ɗan shekara 13 ba.